Sun Girma a Gabanmu, Mun Ƙi Koya Musu Komai

Makafi suna da sarki. Guragu suna da sarki, kutare da bebaye ma haka, kuma duk ranar da gwamnati za ta raba wani abu ga masu buƙata ta musamman, shugabanninsu ake kira su zo da sunayen mutanensu a rubuce. Abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, amma dai suna da bakin magana. Akwai wasu bayin Allah a Kankiya da Kusada, a jihar Katsina, da ko wannan ba su samu ba. Ina nufin samari da 'yan matan da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, ko ciwo ya taɓa musu ita tun suna goye: masu galahanga, masu jinkirin fahimta, waɗanda gaɓoɓinsu suka sandare tun haihuwa, da masu farfaɗiyar da aka bari ba magani har ta ci musu tunani. Yau wasunsu sun kai shekara ashirin, wasu sun doshi talatin. Sun girma a gabanmu, gemu ya fito, 'yan matan sun zama budurwoyi, kuma ba mu koya musu komai ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma laifin namu ne gaba ɗaya.

Duk wanda ke zama a bakin titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Kankiya ya san irin saurayin da nake magana a kai. Riga ɗaya a jikinsa, ta yi masa yawa, ba maɓalli. Yana zuwa majalisa sai wani ƙato mai iyali ya ɗaga naira hamsin sama ya ce, "Zo ka yi mana rawar nan in ba ka." Ya yi rawar, a fashe da dariya, wani ya zaro waya ya ɗauka don ya saka a Facebook ko TikTok. Wani ya tambaye shi wa zai aura, ya faɗi sunan wata, a sake shewa. In ya gaji ya ƙi, yara su bi shi da jifa har ƙofar gidansu, manya na kallo. Mutanen da ke wannan aikin su ne za ka gani a sahun farko da magariba. Ba wanda ya taɓa ce wa saurayin nan, "Zo ka riƙe mini famfon nan in nuna maka yadda ake ba taya iska." Awa guda da ake ɓatawa ana mayar da shi abin dariya ta ishe shi koyon wannan.

Na taɓa tambayar wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mai ɗa irin wannan, na ce, "Inna, me ya sa ba kya aikensa ko da sayen magi ne?" Ta ce, "Ɗan nan, in ya fita jifansa ake, in na ba shi kuɗi a ƙwace. Gara ya zauna ina ganinsa." Ita take masa wanka, ita take ɗaura masa tazuge, ita take zuba masa tuwo ta zauna har ya gama. Bayanta ya fara ranƙwafawa. Sannan ta faɗi maganar da kowace uwa mai irin wannan ɗa ke kwana da ita: "Ni dai tunanina, in na mutu wa zai riƙe shi?" Ban ga laifinta ba. Titi ne ya kore shi ya dawo ɗaki, kuma titin mu ne. Sai dai gaskiyar da ba a gaya mata ba ita ce, kowace shekarar da ya yi a zaune ana yi masa komai, nauyinsa ƙaruwa yake a kan wanda zai gaje shi, kuma matar wa ko matar ƙane ba za ta yi haƙurin da uwa ta yi ba.

Tun daga tushe muke kuskure. Ana haifar yaro ya ƙi zama, ya ƙi rarrafe, miyau na dalala, sai a ce ɗan ruwa ne, ko aljanu sun musanya shi, ko uwar ta yi wanka da almuru. A kwashe shekaru ana hayaƙi da turare da yanka baƙin kaza, kuɗin gida ya ƙare wurin boka, lokacin da ya kamata a fara horar da yaron ya wuce. Alhali sanadin yawancin abin nan sananne ne. Doguwar naƙuda a gida tana hana jariri iska har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Shawarar jarirai, wadda ake shanya yaro a hantsi a ce za ta wuce, in ta yi tsanani tana lalata ƙwaƙwalwa har abada. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, sanƙarau, ƙyanda, da yunwa a shekarun farko duk suna barin tabo. Lalurar da likitoci ke kira Down kuwa ƙarin ƙwayar gado ce a lamba ta 21, ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba. Yaran da suka tsira daga annobar sanƙarau ta 1996 yanzu magidanta ne ta fuskar shekaru. A Zamfara, gubar dalma ta 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa kuwa yanzu suke shiga samartaka. Tun 2021 likitocin ƙungiyar MSF suke fama da tamowa a jihar Katsina. Ke nan adadin waɗannan matasa ba raguwa zai yi ba, kuma ba mu shirya musu komai ba.

Kalmar da ta fi kowace cutar da su ita ce "ba zai iya ba". Wa ya gwada? A farkon shekarun 1970 wani malamin jami'a a Amurka, Marc Gold, ya ɗauki matasa masu raunin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda aka riga aka yanke musu hukuncin ba za su taɓa yin aikin kirki ba, ya koya musu harhaɗa birkin keke mai sassa 15. Dabararsa ba ta da wani sirri. Ya farfasa aikin zuwa ƙananan matakai, kowane mataki shi kaɗai. Ba ya cika su da surutu, hannunsa yake ɗorawa a kan nasu ya nuna. In yaro ya kuskure ba ya tsawa, sai ya ce a gwada ta wata hanya. Suka iya. Hujjarsa ita ce, in ɗalibi bai koya ba, a fara tuhumar hanyar koyarwar kafin a tuhumi ɗalibin. Wannan magana ta haura shekara hamsin da tabbata, mu kuwa har yau muna zaune a kan "ai wannan sai dai addu'a".

Na ga irin wannan da idona a wurin wani mai injin niƙa da bai taɓa jin sunan Gold ba. Yaron da yake koya wa aiki ɗan 'yar'uwarsa ne, maganarsa ba ta fita sosai, lissafi bai zauna masa ba. Kawun ya fara da abu ɗaya tak: jera kwanukan mata bisa layin zuwansu. Ya daɗe a kan wannan har ya zamana ba mai iya tsallake layi yana wurin, domin shi ba ya karɓar lallashi. Daga nan ya koya masa kakkaɓe gari daga bakin inji bayan an kashe, sannan share wuri, sannan karɓar kuɗi. Kuɗin ma da hoto ya koya masa: mai hoton Sardauna ita ce ɗari biyu, mai hoton Murtala ita ce ashirin. Bel ɗin inji kuwa an ja masa layi a ƙasa da gawayi, an ce kada ƙafarsa ta tsallake in inji na aiki, kuma bai taɓa tsallakewa ba. Da yamma kawun yana ba shi nasa a hannu, ya kai wa uwarsa da kansa. Matan unguwa da sunansa suke kiransa yanzu. Yaran da ke jifansa a da sun daina, domin ba a jifan wanda gobe za a kai wa niƙa.

Abin da nake nufi da tsayawa da ƙafa ke nan. A ƙasashen Turai in an ce matashi ya zama mai cin gashin kansa, sau da yawa ana nufin ya kama ɗakinsa shi kaɗai. Mu nan ko mai cikakkiyar lafiya cikin dangi yake rayuwa, don haka ba wannan muke nema ba. Muna neman ya iya tsarki da wanka da sa tufafinsa. Ya san alwala da salla gwargwadon ikonsa. Ya iya faɗin sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu, ko ya riƙe kati mai ɗauke da su. Ya san lokacin shan maganin farfaɗiyarsa. Ya iya tsallake titin kwalta, ya gane kuɗi, ya san hanyar gida, ya kuma sami wani aiki da za a ce nasa ne. Maganar faɗin suna ma a yanzu batun rai ne. A wannan zamani da matsalar 'yan bindiga ta sa kowa tsoron baƙuwar fuska, saurayin da ya ɓace hanya ya faɗa wani ƙauye da dare, aka tare shi ya kasa bayani, ba na son in yi tunanin abin da zai iya samunsa.

Sana'o'in da za su iya suna nan birjik, ba sai an gina wata cibiya mai gilashi ba. Kiwon awaki da kaji, ba da ruwa a lambu, ɓarar gyaɗa da tsintar wake, wankin babur, faci, goge takalmi, ƙulla kaya a leda a shago, buga bulo, share masallaci da kasuwa a kan lada. Da yawa daga masu galahanga suna son aikin da ake maimaitawa ba canji, wanda ke gundurar sauran samari, kuma in sun riƙe ƙa'ida ba sa sakinta. Tsarin kai yaro wurin ubangida ya koyi sana'a tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya hana shi aiki a nan ƙyama ce kawai. Tela ya ce zai kori masu kawo ɗinki. Mai shayi ya ce mutane za su ƙi shan shayinsa. Wani ya karɓi yaron, amma ya mayar da shi jakin gida, ya yi ta ɗiban ruwa daga safe har dare ba ko sisi, a ce ai ci da shi ake. Wannan na ƙarshen zalunci ne tsagwaronsa, kuma Allah zai tambaya.

Halin da 'yan mata ke ciki ya fi muni, shi ne kuma aka fi rufewa. Yarinya ta fara al'ada ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata yadda za ta kula da kanta. Ba wanda ya koya mata cewa akwai wuraren jikinta da ba mai ikon taɓawa, ko cewa in wani ya ce ta shigo zaure ya ba ta alewa ta gudu ta faɗa wa uwarta. A ɗora mata talla a tura ta tasha. Ranar da ciki ya bayyana, sai gida ya ɗauki salati, a rufe ta a ɗaki, a ce a rufa asiri. Asirin wa ake rufawa? Na azzalumin da ya san ba za ta iya ba da shaida ba, shi ya sa ma ya zaɓe ta. Daga nan a nemi wani tsoho a ba shi ita sadaka don a huta, ba a tambayi ko ta san mene ne aure ba. Akwai masu rauni kaɗan da za su iya zaman aure lafiya in an shirya su kuma dangi suna kusa, kuma haƙƙinsu ne. Amma aurar da yarinya don a sauke kaya jefar da ita ne.

Sai maganar gado, inda nake jin haushin malamanmu. Raunin hankali ba ya rage wa mutum ko ƙwayar gero daga rabonsa. Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, ta shimfiɗa yadda ake riƙe dukiyar wanda bai iya juya ta ba: amana ce a hannun waliyyi, daga cikinta ake ɗaukar nauyinsa, ana kuma gwada mai ita ana duba ko ya kai matsayin karɓar abinsa. Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya ce ɗan da ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, ciyarwarsa tana nan a wuyan mahaifinsa. To me muke gani? Uba ya rasu, a raba gona, babban wa ya ce, "Rabon wane yana hannuna." Shekara biyar, gonar ta zama tasa, ko an sayar an yi aure na biyu da kuɗin, mai gonar kuwa yana yawo a kasuwa yana roƙon ragowar abinci. Kowa a garin ya sani, ba mai magana. Allah ya gafarta Malam, sau nawa aka yi huɗubar Juma'a a kan wannan a Kankiya, ko Rimaye, ko Kafin Soli, ko Kusada, ko Mawashi? Ana samun lokacin huɗuba a kan tsawon wando da saɓanin ƙungiyoyi. Dukiyar mai rauni da ake ci a bayan masallacin ba ta samu ba.

In an gaji da su kuma sai mari. A watan Oktoba 2019 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da cikin birnin Katsina, duniya ta ga mutane da sarƙa a ƙafa. A watan Agusta 2020 aka ceto wani yaro a Birnin Kebbi da aka ɗaure a turke tare da dabbobi har shekara biyu, a Kano kuma aka fito da wani matashi da iyayensa suka kulle shekara da shekaru. Muka yi Allah wadai na mako guda muka koma harkokinmu. Ba a tambayi ina iyalin da suka rasa yadda za su yi da ɗansu za su nufa ba. In ba a buɗe musu wata ƙofa ba, sarƙar za ta dawo, a ɗakin baya inda ɗan sanda ba ya shiga.

Gwamnati ba za ta ce ba ta da doka ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna musu bambanci. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu nakasa. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Duk wannan yana kan takarda a Abuja. Ka je Gachi ko Yashe ka tambayi uwar da ke sayar da akuyarta don sayen maganin farfaɗiya ko ta taɓa jin labarinsa. Abin da ke isowa ƙasa shi ne bikin ranar masu nakasa na 3 ga Disamba, a raba kekunan guragu da buhunan shinkafa a ɗauki hoto. Keken guragu yana da amfani ga mai buƙatarsa, amma ba ya koya wa mai galahanga komai.

Jihar Katsina tana da makarantar makafi a birnin Katsina da ta kurame a Malumfashi. Yaron ƙauye mai jinkirin fahimta fa? A sa shi aji ɗaya, ya zauna a baya cikin yara fiye da ƙarfin malami guda, a yi ta dukansa don ya kasa haɗa baƙi, har ya daina zuwa. Malamin ma ba a koya masa yadda zai yi da shi ba, alhali akwai sashen koyar da ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da ke Kano, akwai kuma kwalejin tarayya guda sukutum a Oyo da aka kafa don wannan fanni. A Amurka doka ta wajabta wa makaranta ta rubuta wa kowane ɗalibi mai nakasa tsarin abin da zai yi bayan makaranta tun yana kusan shekara 16, shi da iyayensa suna zaune. Mu namu a wannan shekarun ko sunansa babu a rajistar kowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Kankiya ba ta da uzuri. Garin da ke da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, wadda ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙauyuka, shi ya kamata ya nuna wa sauran hanya. A sa masu unguwanni da dagatai su rubuta sunan kowane matashi mai irin wannan lalura, ai sun san su gida-gida. Ɗaliban makarantar lafiya, in za su fita aikin gwaji, a haɗa kowane da iyali ɗaya ya riƙa zuwa yana nuna wa uwa yadda za ta koyar da wanka da sa kaya da ƙirga kuɗi mataki-mataki. Ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su ware ɗan alawus na wata ga duk mai sana'ar da ya karɓi irin wannan yaro, da sharaɗin a riƙa leƙawa a ga koya masa ake ko bautar da shi ake. Alƙalan kotunan shari'a kuma, duk rabon gadon da akwai mai rauni a ciki, a rubuta rabonsa da sunan waliyyinsa, a riƙa kiran waliyyin ya yi bayani. Kuɗin wannan duka bai kai na motar babban jami'i guda ba.

Gwamna Dikko Umaru Radda ɗan Charanchi ne, maƙwabciyarmu, kuma ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta ƙasa kafin ya hau wannan kujera, don haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin sana'ar hannu ba. Ranka ya daɗe, duk shirin koyar da sana'a da jiha za ta yi, har da na ƙauyen sana'o'in matasa da ke Katsina, a ware wa waɗannan matasa gurbi da sunansu, a kuma horar da masu koyar da su. In an bar su cikin jimlar masu buƙata ta musamman kawai, ba za su taɓa kaiwa gaban layi ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da shago, ko inji, ko garke, ko lambu, akwai irin wannan saurayi a unguwarku kuma ka san gidansu. Ka je ka yi sallama da mahaifinsa, ka ce ya turo maka shi gobe da safe. Ka fara masa da aiki guda ɗaya, ka yi haƙuri da shi, kuma da yamma ka biya shi haƙƙinsa a hannunsa.